Jar Wuta da Gardamar Jatau

Da sunan Wanda ya rina sama shuɗiya ba da baba ba, ya rina faɗuwar rana ja ba da karan dafi ba, ya ba kowane ido rabonsa na gani. Ku gyara zama. Mai goro ya raba, mai tari ya yi shi yanzu, don idan na fara ba na son a katse ni.

Ni ne Nomau ɗan Barmo, marini ɗan marini, mutumin Rinawa, garin da ke bayan Duwatsu Tara inda ayari ba ya zuwa sai ya ɓata hanya. Na yi tafiyar shekara biyu, na ƙetare ƙasa bakwai, na rasa gemuna sau ɗaya, duk saboda ƙanena Jatau, wanda a lokacin ko gaisawa ba ma yi.

Mu biyu muke bugu a mabugar mahaifinmu. Ga wanda bai san sana'ar ba, idan an rina tufa ta bushe sai a ninke ta a kan gungume, mutum biyu su zauna suna fuskantar juna da guduma a hannu, su yi ta bugu har ta yi sheƙi. Kowane gida da salon bugunsa. Namu shi ne ni in buga biyu in dakata, Jatau ya cike da ɗaya. Tim, tim, sai tam. Shekara ashirin muna haka, ko makahon garinmu ya san mabugarmu tun daga bakin kasuwa.

Amma Jatau mutum ne mai gardama, tun yana yaro. In Inna ta aike shi ya tsinko jajayen barkono sai ya haɗo da ɗanye, a doke shi, gobe ya sake. Ni na san mugunta ce kawai.

Wata shekara na rina wa matata Lantana zane da karan dafi. Wata uku na yi ina haɗa rinin, ya fito ja wur, irin jan da ban taɓa samu ba. Na kawo shi mabuga ranar kasuwa, na baje a gaban mutane, na ce, "Jatau, faɗa wa jama'a wane launi ne wannan."

Ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Yaya, launin ƙasa ne. Kamar katangar gidanmu."

Aka bushe da dariya. Na ce ya janye maganarsa, ya ce zai janye in na kawo masa jan. Na ce masa mahassadi, na ce daga yau ba ni ba shi. Ya ajiye gudumarsa a kan gungume, ya fita. Bayan kwana biyar aka ce an ga ya sayi kwalekwale ya shiga Tafkin Dubun Murhu wai zai koma su.

Wannan tafki yana yamma da garinmu, tafiyar yini biyu. Tsibirai ne a cikinsa birjik, kuma wani farin tururi yana kwance a kansa rani da damina, har tsakar rana ba ka ganin mutum sai ka taka shi. Wanda ya shiga da nisa ba ya gane hanyar fita. Sai ya sauka a tsibiri ya hura wuta don a gan shi. Na kusa da shi ma ya ɓata, ya hura tasa. 'Yan'uwansu a bakin gaɓa su ma su hura wuta don su nuna musu hanya. Duk inda ɓatacce ya juya sai ya ga wuta, duka launinsu ɗaya, ya tuƙa zuwa wata ya tarar da wani ɓataccen yana gasa kifi. An gwada ganga, amma duwatsun tafkin sukan juya sauti, a buga a gabas a ji a yamma.

Daga ranar da Jatau ya shiga, mahaifiyarmu Inna Tasalla ta daina yi mini magana kai tsaye. Sai ta bakin kaza. In na shigo gaishe ta sai ta dubi kazar da ke tsakar gida ta ce, "Kaza, gaya wa mai shigowa na kwana lafiya." Shekara biyar muna haka. Kaji uku suka mutu a wannan aiki. Abin yana ci mini rai, amma ina nuna ko a jikina.

A shekara ta biyar wani bafatake ya sauka a garinmu, ya ce can gabas, a Birnin Tuluna, ya ga ana hura wuta ja kamar jini, wadda ba ta kama da wutar girkin kowa. Da na kai wa Inna labari ba ta dube ni ba. Ta ɗauko jan zanen nan, wanda Lantana ta daina ɗaurawa tun ranar kasuwa, ta ƙulle mini guzuri a ciki, ta ce, "Kaza, gaya masa ya tafi da zanen da ya kori ɗana. Kuma gaya masa na tsufa, kada ya yi nawa."

Na ce, "Inna, in kuma ya mutu fa?"

Ta ce, "Kaza, gaya masa da na ji a jikina."

Ni ma ban yi zaton ya mutu ba. Irin su Jatau ko mutuwa ta zo sai sun yi gardama da ita. Na ɗaura wa jakina Auraki mangala, muka kama hanya.

Ba zan gajiyar da ku da ƙasar da mutanenta ke tafiya da baya don girmama inda suka fito ba, ko kogin da ake biyan fito da labari. Bayan wata takwas muka iso wani dutse da ya tokare sama, shuɗi fes, kamar an farfasa sararin samaniya an tara. Mahaƙa suna ta sara suna lodi a kan raƙuma. Na tambayi ɗaya daga cikinsu ina ake samun jar wuta. Ya nuna dutsen da haɓa.

Na ce, "Malam, ja na ce."

Ya ce, "Na ji. Daga cikin wannan take fita."

Na ce masa ni marini ne, kakana marini ne, kuma tun da aka kafa duniya shuɗi shuɗi yake haifa. Ya ce to, ya ci gaba da saransa. Na tsinci wani gutsure na jiƙa a ƙwarya kwana biyu, na tsoma ƙyalle. Ko shuɗin ma bai ba ni ba. Na ƙudurta a raina mutanen gabas duk 'yan rainin wayo ne, na bi sawun raƙuman har ƙofar Birnin Tuluna.

A ƙofar na tarar da layin baƙi, kowa ya dafe kumatu. Sarkin Ƙofa yana zaune a kan buzu da awartaki a hannu. Da layi ya zo kaina ya ce, "Buɗe baki. Na sama ko na ƙasa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, na me?"

Ya ce, "Haƙori. Kowane baƙo ɗaya. Da shi muke sanin garinka."

Na ce ai da ya tambaye ni da na faɗa masa. Ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya gaji da bayani ɗaya. Ya ce ƙarfen da suke haƙowa daga shuɗin dutse sunansa sitirontiyam, kuma ba a dutsen kaɗai yake ba, yana nan kaɗan-kaɗan a cikin ƙasa da ruwan ko'ina. Ɗan'uwan alli ne na jini, har jikin mutum ba ya bambance su. Yaro in ya sha ruwa ya ci tuwo, jikinsa kan ɗauke shi ya sa a ginin ƙashi da haƙori, kuma na kowace ƙasa da irin nasa. Ya ce, "Mutane sun cika yi mana ƙaryar garinsu, shi ya sa muka daina tambayar baki muka koma tambayar haƙori. Mutanen bakin kogi ne ba ma so. Sun cika wanke-wanke."

Ban fahimci laifin wanke-wanke ba, amma na fahimci awartaki. To ni mutum ne da ba ya yar da komai, kuma wata biyu kafin nan Auraki ya zubar da haƙori yana tauna kara, na tsinta na jefa a zabira. Na zaro shi na ajiye a gaban Sarkin Ƙofa.

Ya juya shi da tsinke ya ce, "Wannan naka ne?"

Na ce, "Na gidanmu ne, ranka ya daɗe. A Rinawa aka haife shi, rijiya ɗaya muka sha, dusar dawar da na ci shi ya ci. In ruwa da hatsi ne ke shaida, duk abin da nawa zai faɗa nasa zai faɗa, kuma nasa ya fi girma, za ku fi ji da kyau."

Ya kira dattawan ƙofa uku, suka yi shawara har la'asar. Suka ce a dokarsu an rubuta haƙori, ba a rubuta na wa ba. Aka kai shi ɗakin gwaji, aka dawo mini da takardar shiga. An rubuta, "Ɗan tudu ne, nesa da kogi. A bar shi ya wuce. Ya rage cin kara."

Birnin Tuluna gari ne da komai nasa ke naso da mai. Rigunansu, ƙofofinsu, har gaisuwarsu in kun yi musabaha sai hannu ya zame. Aka kai ni wurin shugabar masu ƙarfen, wata tsohuwa siririya mai suna Hajo, wadda take da rumfa cike da tuluna ɗari uku. Na durƙusa na gaishe ta na faɗi buƙatata. Ta naɗe hannun riga, ta tsoma cikin wani tulu mai cike da mai, ta zaro wani curi. Ta sa wuƙar yankan albasa ta yanka shi, ya yanku kamar ɗanyen sabulu. Cikinsa fari tas kamar azurfa. Kafin in gama mamaki ya fara dusashewa yana komawa rawaya, ta yi maza ta mayar da shi cikin mai.

Ta ce, "Ka gan shi. Ba ya shiri da iska, shi ya sa yake kwana a mai. In ka niƙa shi gari ka bari a sarari, da kansa zai kama da wuta. Ka huta yau, gobe in gaya maka sauran abin da ba ya so."

Da ta faɗa mini sauran a ranar, da yanzu labarin nan ya fi haka gajarta.

Da sassafe na tashi kafin kowa, ina neman abin da zan yi in burge ta. Mu marina duk abin da ya shigo hannunmu sai mun ɗauraye shi, ko goro aka ba mu. Na dubi tulunan nan na ga ƙazanta, ƙarfe mai daraja haka an bar shi yana iyo a mai. Na ɗebo ruwa a rijiyar bayan gari na cika kwatarniya, na ajiye fitilar aci-bal-bal a gefe don rumfar da duhu, na kwaso curi biyar na zuba a ciki.

Ruwan ya fara ƙara kamar an jefa ƙosai a mai. Ya hau kumfa, ya yi zafi, wata iska tana fita daga cikinsa. Na ce lalle dattin ya yi yawa, na sunkuya da fitila in duba da kyau.

Da na farfaɗo ina kwance a ƙofar rumfa, Hajo tana tsaye a kaina, mutanen unguwa sun kewaye ni. Na shafa fuskata na ji sumul. Babu gemu, babu gira.

Hajo ta ce, "Takardarka ta ce kai ɗan tudu ne."

Na ce, "Haƙorin jakina ne, Iya."

Ta dubi Auraki da ke ɗaure a gindin bango ta ce, "To shi ai bai wanke komai ba."

Alƙalinsu ya yanke mini hukuncin zama a rumfar Hajo ina aiki har gemuna ya dawo yadda yake. Wata bakwai ya ɗauka, kuma gefen hagu ya riga na dama fitowa. Na nemi a rage mini rabin hukunci, aka ƙi.

A zaman nan na ga abubuwa. Na ga suna haɗa wani fenti da ke shan rana da yini, in an shiga da shi ɗaki mai duhu ya yi ta haske shi kaɗai. Na ga masu haƙorin da ke tsami da ruwan sanyi suna goga wani ƙullu nasu suna samun sauƙi, kuma da yake rabin baƙin garin Sarkin Ƙofa ya taɓa bakinsu, kasuwar ƙullun tana ci. Ni kuma na koya musu fitar da mai daga tufa da toka, abin da ya sa matan garin suka fara gaishe ni.

Ran da gemuna ya cika, Hajo ta kira ni bakin murhu. Ta ce ƙarfen kansa ba a tafiya da shi, sai gishirinsa, wani farin gari mai haƙuri da suke fitarwa daga shuɗin dutsen nan. Ta ɗebi kaɗan da yatsu uku ta watsa a wuta.

Jama'a, shekara talatin ina neman ja a cikin karan dafi, ashe ban taɓa ganinsa ba. Wutar ta tashi ja jawur, bango ya yi ja, tafin hannuna ya yi ja, farin gashin Hajo ya yi ja. Hawaye ya zo mini, rabi na murna rabi na kishi. Kuma zan faɗa muku gaskiya, abin da ya fara zuwa raina ba ceton ƙanena ba ne. Cewa na yi, to wannan kam sai in ga bakin da Jatau zai ce launin ƙasa ne.

Ta haɗa mini garin da wani haɗi nasu mai sa shi ci da ƙarfi, ta cika gora uku ta toshe da kaki. Ta ce, "Marini, kada ruwa ya taɓa shi. Kada ka ɗauraye shi. Kada ka ɗauraye gorar. In ka ji hannunka yana ƙaiƙayin wanki, ka wanke jakin."

A hanyar dawowa, cikin Dajin Ƙaya, 'yan fashi goma sha biyu suka tare ni da hantsi. Shugabansu Ɓaidu, wani ƙato mai kunne ɗaya, ya sa aka zazzage mangala. Suka sami jan zane, suka sami gora uku. Ya fasa kakin ɗaya ya ga farin gari, ya ce, "Gishiri! Wata biyu muna cin nama lami." Suna da tukunya a kan wuta, ya nufe ta da gorar.

Na ce, "Maigida, da ka bar shi. Gishirin kakata ne."

Ya ce, "Sai me?"

Na ce, "Ba komai. Ita dai ba mutum ba ce, kuma ba ta son a taɓa mata kaya. Amma kai ka san ƙarfinka."

Ya yi dariya, ya kifa gorar da gadara, rabi a tukunya rabi a wuta. Wutar ta yi tsalle ta fi shi tsawo, ja kamar an yanka sa, fuskokinsu duka suka rine. Na ɗaga hannu na ce, "Sannu da zuwa, Kaka." Ban ƙarasa ba dajin ya zama ba kowa sai ni da Auraki da takalma bakwai. Na tattara gora biyun da suka rage, raina a ɓace, don asarar ɗaya ba ƙarama ba ce.

Ban biya gida ba, tafkin na nufa kai tsaye. Na tarar da 'yan'uwan ɓatattu a bakin gaɓa suna hura wutarsu ta kullum. Na roƙe su suka kashe, muka tara itace a kan wani tudu. Da la'asar sakaliya, lokacin da tururin ya fi duhu, na buɗe gora ta farko na fara watsawa.

Tururin kansa ya rine ja. Muka jira. Can sai muka ji ƙarar filafilin tuƙi a ruwa, kwalekwale ya ɓullo, wani ya biyo shi, wani ya biyo. Kafin magariba arba'in da ɗaya suka fito. Akwai wanda ya shiga da saje ya fito da furfura. Akwai wanda ya tarar matarsa ta yi aure ta zo taryar sabon mijin, wanda shi ma ya ɓata bara. Ana ta koke-koke da guɗa, ana rungume ni. Wasu kuma, in ji waɗanda suka fito, sun ga wutar sarai amma sun ce sun riga sun yi shuka a tsibiransu, sai bayan kaka. Saboda haka murahu ba su ƙare a cikin tafkin ba.

Na duba kowane kwalekwale. Babu Jatau.

Washegari na ƙona fiye da rabin gora ta biyu. Mutum tara suka ƙara fitowa. Ta ƙarshensu wata tsohuwa ce mai suna Gwamma, ta tuƙo kanta ita kaɗai. Da ta sauka ta ƙare mini kallo ta ce, "Kai ne yayan Jatau. Goshinku ɗaya."

Na ce, "Iya, yana raye?"

Ta ce, "Yana nan ƙalau, tsibirinmu ɗaya shekara shida. Mu takwas ne, duk mun taho, shi ya ƙi. Mun nuna masa wutar, ya ce wuta ce kamar kowace wuta, ma ta fi sauran dushewa. Ya ce sau goma sha ɗaya yana bin wutar da aka nuna masa yana ƙarewa a wani tsibiri, ba zai yi na sha biyu ba."

Jinina ya tafasa. Na ce, "Kin ji ko! Shekara biyu na yi a hanya, na ƙona gemuna, shi kuwa yana can yana gardama. Ya ga jan sarai, don dai ya san daga hannuna take ne."

Gwamma ta zauna a kan kwalekwalenta tana matse bakin zane. Ta ce, "Ɗan nan, akwai tumatir a tsibirinmu. Kullum in aka aike shi sai ya tsinko nunanne da ɗanye a haɗe. Da fari na yi faɗa. Wata rana na laɓe ina kallonsa, na ga yana latsa kowane ɗaya da yatsa, yana shinshinawa, yana ta ƙoƙari ya gane. Ka taɓa ganin mai mugunta yana wannan wahala ba kowa a wurin? Idonsa ne ba ya ganin ja. Haka Allah ya yi shi. Ku a gidanku ba wanda ya taɓa tambayarsa?"

Na tuna barkonon Inna da dukan da ya sha. Na tuna ranar kasuwa, yadda ya duba zanen sau biyu kafin ya amsa. Ashe nema yake ya ga abin da nake so ya gani, bai samu ba, ya faɗi gaskiyarsa, ni kuma na kira shi mahassadi a gaban mutane. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba, har da ta ranar gemu. Ga shi yanzu na kwashe masa duk masu idon da za su nuna masa hanya, na bar shi shi kaɗai.

Na girgiza gorar. Abin da ya rage bai fi cikin tafi huɗu ba.

Na daɗe a zaune ina kallon tudun. Launi bai da amfani a wurinsa, sauti kuma tafkin yana juya shi. Sai idona ya faɗa kan jan zanen da ke kan mangala. Na ninka shi biyu, na ɗaura bakinsa a jikin sanduna biyu, na ce wa Gwamma ta riƙa watsa garin kaɗan-kaɗan don wutar ta yi ƙarfin ratsa tururi. Na tsaya tsakanin wutar da ruwa na tare hasken da zanen.

Na ɗaga, na sauke. Na ɗaga, na sauke. Na dakata.

Tim, tim.

Ba komai. Wutatan tsibirai suna nan yadda suke, ba mai motsi. Na sake. Biyu, in dakata. Biyu, in dakata. Hannuwana suka gaji, zanen ya fara ƙauri, Gwamma ta ce saura tafi biyu. Na ci gaba. Ta ce saura ɗaya.

Sai can nesa, hannun dama, wata 'yar wuta ta ɓace, ta dawo. Sau ɗaya, daidai cikin gurbin da na bari.

Tam.

Na kusa sakin sandunan. Na buga biyu, ta cike da ɗaya. Na buga biyu, ta cike da ɗaya, kuma a kowane bugu tana ƙara girma, don Jatau ya ɗauko bakin wuta ya sa a gaban kwalekwale yana rufewa da hula. Gwamma ta zazzage gorar ta buga gindinta, ƙurar ƙarshe ta faɗa wuta, a daidai lokacin da hancin kwalekwale ya daki gaɓa.

Ya sauko. Ya rame, gemunsa ya fi nawa tsawo. Bai gaishe ni ba, ni ma ban gaishe shi ba. Ya wuce ni ya hau tudun, ya tsaya a gaban wutar da ke ja jawur tana shirin mutuwa. Ya duba, ya sake dubawa.

Ya ce, "Yaya, wannan ce wutar da ake ta surutu a kanta? Ai launin ƙasa ce."

Jama'a suna jiran abin da zan ce. Na dubi jan da na yi shekara biyu ina nema, na ce, "Haka ne, Jatau. Launin ƙasa ce. Zanen ma haka."

Ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "Bugunka ya yi sauri. Ka manta dakatawa." Na kama hannunsa muka gangaro.

Da muka shiga gida bayan kwana biyu, Inna tana zaune tana tsince wake, kaza ta huɗu tana gefenta. Ta rungume Jatau har sai da ya ce za ta karya shi. Sannan ta ɗago, ta dube ni a ido, ta ce, "Nomau, ka rame. Kama kazar nan a yanka muku."

Iyakar abin da na gani ke nan, na kuwa faɗe shi yadda idona ya ba ni. Wanda nasa idon ya ba shi daban, ya zo mabuga da safe mu zauna, ba zan ƙaryata shi ba.